Hatsin Bara

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata da ya gama hidimar ƙasa ya zo gaishe ni da la'asar sakaliya. Ya zauna a bakin tabarma yana ta juya waya a hannu, na san akwai magana a bakinsa. Sai da ya sha ruwa sannan ya ce, "Kawu, ni ma fa na fara taɓa rubutu." Ya miƙo mini, na laluɓo tabarau na duba. Guda goma sha ɗaya ne, kuma ba laifi, yaron yana da hannu. Sai dai duk goma sha ɗayan hanya ɗaya suka bi: wane ya sauya sheƙa, wane ya yi wa ubangidansa butulci, wane ne zai tsaya takara idan Allah ya kai mu.

Na tambaye shi da me ya zo. Ya ce adaidaita ya hau. Na ce nawa ya biya, ya faɗa. Na ce bara war haka nawa ake biya daga unguwarsu zuwa nan? Ya ɗaga kai sama, ya ce ya manta. Na ce to ku nawa ne a ciki, kuma hirar me ake yi? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ban saurara ba, labarai nake karantawa."

Wannan nasiha tasa ce, kuma ta sauran 'ya'yana da ƙannena ce, maza da mata, waɗanda alƙalami ya fara yi wa ƙaiƙayi a hannu.

Irin rubutun da na shafe shekaru ina yi ba shi da wani suna mai kwarjini. Yau in taɓa siyasa, mako mai zuwa in yi maganar lefe, na gaba in tsaya a kan tsadar tumatir ko yadda yara suka daina wasan langa. Wani abokina ɗan boko, mai son komai a jere kamar kwanukan amarya, ya taɓa ce mini abin nawa hatsin bara ne. Da gatse ya faɗa, ni kuwa na karɓa hannu biyu. Wanda ya taɓa leƙa ƙoƙon almajiri bayan ya zaga gari ya san abin da ake nufi: gero daga wannan gida, dawa daga wancan, ga ɗan wake, ga tsabar masara, wani lokaci har da tsakuwa. Ba mai kai shi kasuwa a auna masa a tiya. Amma idan kana son sanin abin da garin ya noma bana, da gidan da ke da hali da wanda ke lallaɓawa, ƙoƙon nan zai gaya maka abin da rumbun mutum ɗaya ba zai gaya maka ba.

Kuma kada ku zaci baƙon abu ne da zamani ya kawo. Kakana na wajen uba yana da kundi. Yana cikin wata gafaka da ta sha hannu har fatarta ta yi baƙi tana sheƙi, warƙoƙi ne a warware, ba ɗinki, wasu gefensu gara ta ɗanɗana. Bayan rasuwar mahaifina ya faɗo hannuna. Na zauna da wani malami mai ido a kan ajami muka bi shi warƙa-warƙa. Ga addu'ar shiga kasuwa, a bayanta maganin harbin kunama. Ga ranar da aka haifi wance, ga ranar da wane ya rasu. Ga lissafin bashin da yake bin wani mai jima, an soke shi da layi ɗaya, alamar an biya. A wata kusurwa ya rubuta shekarar da fara ta sauka ta cinye gero yana cikin bununi. A wata kuma kuɗin da ya sayi jaki, da fam da sule. Babu inda ya yi sharhi, babu inda ya ce ga ra'ayinsa a kan Turawa ko a kan haraji. Duk da haka na tashi daga kan tabarmar nan na san mutumin fiye da yadda labaran gwaggonnina suka sanar da ni shi. Na san abin da yake tsoro, na san abin da yake ƙirgawa.

Malaman Larabawa ma sun san wannan hanya. Akwai wani malami, Baha'uddin al-Amili, wanda ya rasu a Isfahan a 1621. Ya tara littafi guda na abubuwa barkatai, hikaya da lissafi da tafsiri da ban dariya, ya sa masa suna Kashkul. Kashkul kuwa shi ne ƙoƙon da masu yawon zuhudu ke bara da shi a ƙasashen Farisa. Ashe abokina ɗan boko bai zo da sabon zagi ba, mai abin ya riga shi da shekara ɗari huɗu, kuma da alfahari ya faɗa. Kafin shi da nisa akwai mutumin Basra, Amru ɗan Bahru, wanda laƙabinsa ya danne sunansa, Jahizu, wato mai fitattun idanu. Ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira. Ya rubuta littafi babba a kan dabbobi, amma yana cikin maganar kare ko tattabara sai ka ga ya ratse zuwa tauhidi, ya dawo ta kan wata almara, da gangan, don kada mai karatu ya ƙosa. Yana da wani a kan marowata. A ciki ya ba da labarin wasu mutanen Khurasan da suka haɗa ɗaki, suka yi karo-karon kuɗin man fitila, ɗaya ya ƙi bayarwa. Sai ya zama in an kunna fitilar su ɗaure masa idanu da ƙyalle, ba su kwancewa sai an kashe. Duk wanda ya zauna a gidan haya aka yi rigimar kuɗin man janareta, ya ga an zare wayar ɗakin wanda bai biya ba, zai gane cewa mutumin nan na Basra ya gan mu tun kafin a haife mu. Sarakunan zamaninsa sun yi yaƙe-yaƙe, an rubuta, ɗalibai na haddacewa don jarrabawa. Ƙyallen nan kuwa ba a manta shi.

A namu ɓangaren akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a wajen 1858, wanda fatauci da neman ilimi suka kai shi Salaga, daga baya ya zauna a Kete-Krachi, cikin ƙasar Gana ta yau, har ya rasu a 1934. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya nemi ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take. Malamin ya zauna ya rubuta da ajami: noma, sana'o'i, kasuwa, aure, bauta, sarauta. Abubuwan da kowa ya sani a lokacin, har ana ganin ɓata tawada ne a rubuta su. Yau masu binciken tarihin ƙarni na 19 da rubutunsa suke leƙa cikin gidajen kakanninmu. Haka Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau, tana ba ta labarin aurarrakinta, da ƙawance, da goyo, da bori, da yadda mahara ke kama mutane a gona. Littafin ya fito a 1954. Da a ce tsohuwar nan ta ce ita wace ce da za ta yi magana, a je a tambayi fadawa, da an yi asarar da ba ta da mayi.

Na taɓa samun damar zama da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Na je ne neman wani jawabi na manya. Na same shi, na kwafa, ban ƙara waiwayarsa ba. Abin da ya riƙe ni har aka zo rufe ɗakin shi ne wasiƙun masu karatu da tallace-tallace. A nan mutane suke, da kokensu da kwaɗayinsu.

To, ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau. Idan na ce ku rubuta ƙananan abubuwa, ba cewa nake ku guji siyasa ba. Siyasar tana cikinsu, ta fi ma zama daram a can fiye da a bakin masu taron manema labarai. Ku ɗauki abin da ɗan ƙanwata ya hau ya zo gidana. Me ya sa Bakano ke ce masa adaidaita sahu? Kalmar ta liman ce, kafin ya ta da kabbara. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta hau a 2003, ta ɗauke ta ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya, sannan aka kawo babura masu ƙafa uku don mata su huta da hawan acaɓa. Shirin ya tafi da gwamnatinsa, sunan ya maƙale a jikin babur. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, sai mai ƙafa uku ya gaje titi gaba ɗaya. A wasu garuruwan Keke NAPEP ake ce masa, da sunan shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo. A Legas kuwa Keke Marwa, da sunan gwamnan soja Buba Marwa. Abin hawa ɗaya, suna uku, kowane suna da gwamnatin da ta haife shi. Yaron ya zauna a cikin tarihin siyasar shekara ashirin, ya sunkuyar da kai yana neman siyasa a waya.

Ko ku saurari bakin tsofaffi a kara, wajen cinikin shanu. Har yanzu za ka ji wanda ke ƙirga da jaka. Naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, jaka guda mai fam ɗari ta zama naira ɗari biyu. Kuɗin ya mutu, lissafinsa ya ƙi mutuwa. Mu kanmu muna cewa ba ni da ko sisi, ba ni da ko anini, alhali yawancinku ba ku taɓa riƙe ko ɗaya ba. Wanda ya iya kasa kunne zai fitar da rubutu guda daga wannan kaɗai.

Bari in ba ku wanda na gani da idona. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, ga zaɓe ranar 25 ga wata. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi suka ƙi fitowa. Kowa ya yi sharhi a lokacin, ni ma na yi: wa aka nufa da abin, wa zai ci riba, wa zai faɗi. Na sake karanta nawa kwanan nan, ko ni ban iya kai ƙarshensa ba, ya yi lami kamar tuwon jiya da ba a ɗumama ba. Amma a littafin aljihuna na sami rabin shafi da na rubuta a teburin mai shayin unguwarmu, wata safiya cikin sanyin nan. Mai shayin ya yago tsakiyar littafin makarantar ɗansa, ya ja layi da biro, ya ɗaure biron da zare a ƙafar tebur don kada a tafi da shi. Wani ma'aikaci mai albashi, da takalmi sau-ciki yana ƙyalli, ya sha shayi da burodi da ƙwai biyu, ya ɗaga waya sama yana neman sabis kamar mai duban wata. Ya ce ya tura. Mai shayi ya ce shi bai ga alat ba, wayar ma ta ƙaninsa ce, ƙanin kuma ya tafi layin banki tun asuba. Suka yi shiru. Can mai shayi ya jawo takardar ya ce, "Yallaɓai, faɗi sunanka kawai." Ya rubuta shi a ƙarƙashin sunan wani mai turin kura. A makonnin nan mutumin da bai taɓa buɗe asusu ba shi ya zama bankin unguwa, yana ba masu asusu bashi ba ruwa, su kuwa masu POS ana sayen naira da naira a hannunsu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Wannan yana cikin kowace jarida, jikokinku za su same shi ko ba ku rubuta ba. Biron da aka ɗaure da zare kuwa, in ban rubuta ba, ya tafi ke nan.

Saboda haka ku nemi ɗan littafi da zai shiga aljihu, ko ku buɗe wuri a wayar taku, duk ɗaya ne a wurina. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne kwanan wata, da wuri, da farashi. "Kaya sun yi tsada" ba magana ba ce, kakata ma ta faɗa, kakarta ma ta faɗa. Ka rubuta kwanon me, a wace kasuwa, ran wace rana, nawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa ya faɗi a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da ake saye ƙasa da naira ɗari biyu ta kai wajen ɗari biyar. Wanda ya rubuta kuɗin motar garinsu a makon da ya gabaci jawabin, ya sake rubutawa a makon da ya biyo baya, ya riƙe abin da masu dogon Turanci ba su riƙe ba.

Sai kuma abin da na koya da kunya. Ku raba tsakanin na gani, da an ce, da ina zato. Ukun nan ba uwarsu ɗaya ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san wanne kuka miƙa masa. Ina matashi aka ba ni labarin wani ƙauye da aka haƙa wa rijiyar burtsatse, aka yi bikin buɗewa da kiɗa, amma mata na nan suna tafiya tsohuwar rijiya mai nisa. Ban taka ƙafata ba. Na zauna na zuba rubutu mai zafi, na ce an ci kuɗi an bar mutane da ƙarfen banza. Abokai suka yaba, na ji kaina ya yi girma. Bayan wata biyu hanya ta bi da ni ta garin, na ce bari in tsaya in ga abin da na yi nasara a kansa. Na kama hannun famfon na buga sau uku, ruwa ya zubo shar. Wani dattijo da ke zaune a gindin darbejiya yana kallona ya miƙo mini moɗa, ya ce in sha. Na kurɓa na furzar. Zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wake ba ya nuna da wuri, shi ya sa matan suka koma inda suka saba. Na gaya masa ni ne na yi rubutun, don an karanta musu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka zo ka ɗanɗana." Na zalunci wanda ya yi aikin, wannan ɗaya. Na biyu, labarin gaskiyar ya fi nawa daɗi nesa ba kusa ba, domin tambayar da ke ciki ita ce me ya sa ba wanda ya tambayi matan kafin a kafa injin haƙa. Na yi gyara a fili na gaba, amma gyara ba ya zuwa duk inda ƙarya ta je.

Game da al'ada, akwai wani rami da kusan kowane sabon marubuci ke faɗawa, na kuka. Da ya ɗauki maganar biki sai ya fara: a da can ana kaza, yanzu duk an lalace. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar yana kukan zamanin da bai gani ba! Kafin ka yanke wa lefe hukunci, je ka zauna da gwaggonka ranar da ake buɗe akwatuna. Ka ga wadda ke ƙirga turamen, da wadda ke duba bakin atamfa ta san ko ta gaske ce, da tukuicin da ake ba 'yan kawo kaya, da yadda fuskar uwar amarya ke sauyawa a akwati na uku. Ka tambayi uban amarya abin da ya sayar kafin ya haɗa kayan ɗaki da gara, in zai gaya maka. Bayan ka ga wannan duka, in har yanzu kana da wa'azi, yi shi a layi biyu. Sau da yawa za ka tarar abin da ka gani ya riga ya yi maganar, naka ƙari ne. Kuma 'ya'yana mata, ku kuna shiga inda mu ba mu isa mu shiga ba: ɗakin mai jego, wajen kitso, layin awon ciki, adashin unguwa. Rabin rayuwar Bahaushe a can take, kuma kaɗan ne daga cikinta ya hau takarda.

Amma a nan akwai amana. Idon marubuci ba lasisin tonon asiri ba ne. Maƙwabcinka da ya zo aron kwanon masara da daddare bai zo don ya zama darasi ba. Idan labarin ya cancanci a ba da shi, cire suna, sauya unguwa, ka batar da sawu yadda ko matarsa ba za ta gane shi ba. Mai mulki da ya karɓi amanar jama'a, wannan a kira sunansa a kan aikinsa, da hujja a hannu. Talaka kuwa da ba shi da bakin ramawa, a rufa masa asiri. Na ga masu yin akasin haka, suna lallaɓa mai kujera suna wasa da hoton mai tallan da ta yi kuskuren magana, don a yi dariya. Wannan ba jarumta ba ce.

Siyasar kanta, idan za ku taɓa ta kai tsaye, ku shiga ta ƙofar da kuke tsaye. Ɗalibi ya san yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya zauna a jikinsa: wa ya koyi ɗinki, wa ya yi aure, wa bai koma ba. Wannan ya fi masa sharhi a kan abin da aka ƙulla a wani ɗaki a Abuja da bai taɓa shiga ba. Kuma ku sani, ran da rubutunku ya fara jan ido, za a zo. Ba da barazana ake fara zuwa ba, da gaisuwa ake zuwa, da "oga yana jin daɗin abin da kake yi," da ɗan ambulan na shan ruwa. Kano ta riga ta raɗa wa masu wannan sana'a suna a gidajen rediyo, sojojin baka. Ba na zagin kowa, yunwa ba ta da kara. Sai dai mai hatsin bara jarinsa guda ne, a yarda cewa abin da ke ƙoƙonsa shi ya zaga ya samo. Ran da aka gane gida ɗaya ke cika masa ƙoƙo, ko maganar ruwan sama ya yi za a ce aiko shi aka yi.

Za a kuma ce muku kuna wasa. Ƙasa na ci da wuta kuna maganar dambe da fura? An faɗa wa waɗanda suka fi mu. George Orwell, marubucin Ingila, yana da fili a jaridar Tribune daga ƙarshen 1943 zuwa 1947, ya sa masa suna mai ma'anar "yadda na ga dama". Ana tsakiyar yaƙin duniya, bama-bamai na sauka a Landan, shi kuwa wani mako ya yi maganar farfaganda, wani mako ya yabi itacen fure da ya saya sisi a kantin masu ƙaramin ƙarfi. Wata mai karatu ta aiko a fusace, wai fure harkar 'yan jari-hujja ce. Bai daina ba, daga baya har kwaɗo ya yi wa rubutu guda. Mutumin da ya fi kowa tsanar mulkin danniya a zamaninsa ke nan, kuma ina ganin furen da kwaɗon suna cikin dalilin tsanar. Wanda bai san daɗin zaman ƙofar gida bayan isha'i ba, me zai ce an ƙwace masa ran da aka sa dokar hana fita?

Saura tsakuwa. Hatsin bara ba a zuba shi a tukunya yadda ya zo, sai an bushe, an tsince, an rege. Abin da ka tara a littafin aljihu goma ne, wanda zai fita ga jama'a ɗaya ne ko biyu. Sauran su zauna, wata rana za su nemi 'yan'uwansu. Na sha rubuta abu ban san amfaninsa ba, sai bayan shekara uku wani abu ya faru, in ga ashe rabinsa na ajiye. Kada gaggawar a ce kai ka fara faɗa ta sa ka fitar da ɗanye. Ka bar shi ya kwana, ka karanta da safe da babbar murya. Inda numfashinka ya sarƙe, jimlar ce ta yi tsawo. Inda ka ji kamar fassara kake yi daga wani harshe, tsaya ka tambayi kanka yadda innarka za ta faɗe shi, ka rubuta hakan. Wanda ke tsoron kada abin ya watse, yau nan gobe can, ya kwantar da hankalinsa. Ido ɗaya ne ya gani, shi ne zaren. Mai karatu zai bi ka daga kasuwar Dawanau zuwa zauren majalisa in ya yarda da idon.

Bayan mako biyu ɗan ƙanwar tawa ya dawo. Wannan karon takarda ce guda, an ninke ta huɗu. Ya rubuta yadda mai adaidaitan da ya ɗauko shi ke kashe inji a kowace danja, da kuma duk inda hanya ta yi gangara, ya bar babur ya tafi da kansa. Ya tambaye shi dalili, direban ya lissafa masa balas ɗin da zai kai wa mai babur da yamma, da kuɗin mai, da na tikiti, da abin da ke saura na cefane. Wata mata a baya ta sa baki ta ce ita ma haka take yi wa gas, da ruwa ya tafasa ta kashe ta rufe tukunya da bargo. Har ya rubuta cewa bargon na goyon autanta ne. Na karanta sau biyu. Na juya bayan takardar, na sake juyo gabanta, na miƙa masa biro na ce, "Ina kwanan watan?"